Goron Hajiya Sabuwa

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma a ƙuryar ɗaki. Yau ne na fara ɗaukar biro da niyyar ba da labari. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

A shagonsa na sayar da ƙanƙara da ke Ƙofar Durbi Ramla ta fara ganin Ɗayyabu. Kwana huɗu a jere tana zuwa da hantsi, ta sayi guda ɗaya tak ta wuce. Ran na biyar ya kasa haƙuri.

"Malama, zoɓo kike yi ko kunun aya? Ban taɓa ganin mai sana'a da ƙanƙara ɗaya ba."

"A gwiwa nake ɗorawa," ta ce, ta kare bakinta da gefen mayafi.

A Kanada aka haife ta, mahaifinta ɗan unguwar Gobarau ne da ke koyarwa a can. Sana'arta wasan hoki na ƙanƙara. 'Yan wasa kan sa takalma masu ƙarfe a ƙasa, su riƙe sanda, su yi ta kora wani ɗan faifan roba mai taurin dutse har ya shiga raga. Ita 'yar gaba ce, aikinta cin raga, kuma bara sau goma sha ɗaya ta ci wa ƙungiyarsu ta mata ƙwararru. Hutun ƙarshen kakar wasa ne ya kawo ta wurin kakarta.

Da ta ba shi wannan labarin, Ɗayyabu ya saurara baki buɗe. "Wato abin da nike lallaɓawa da janareta, ku takawa kuke?"

Ta yi dariya, mayafin na bakinta.

Kafin damina ta yi nisa ya fara sallama a zauren kakarta. Da yamma sai saƙonsa ya shigo wayarta: "Gimbiyar ƙanƙara, ya gwiwa? Na ware miki wadda ta fi kowacce kyau. Ni kuwa tun da na gan ki nike narkewa, ba janaretan da zai cece ni."

Ita kuma: "Mai ƙanƙarata, gwiwa ta yi sauƙi. Zuciya ce ba ta jin magani."

Amma duk saƙon da ya faranta mata sai ya bar ta da faɗuwar gaba. Haƙoranta biyu na sama ba nata ba ne. Shekara uku da suka wuce, ana atisaye, ta ɗaga ragar ƙarfen da ke kare fuska don ta sha ruwa, faifan ya taso ya same ta a baki. Na roba aka yi mata, masu cirewa, ba sa jure abu mai tauri. Wanda ya fara neman aurenta a can, tun ranar da ya ga gurbin bai sake kiranta ba. Shi ya sa kilishin da Ɗayyabu ke kawowa sai ta ce ta ƙoshi. Dakuwa da gyaɗar da mahaifiyarsa, Hajiya Sabuwa, ta aiko ma ba ta taɓa a gabansa ba.

Jamila, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe da sa rai da Ɗayyabu, ita ta kai tsegumin. Ta kai wa Hajiya bidiyon wani wasa inda aka maka Ramla da bango har ta kwanta ba motsi.

"Ga ta nan, Inna, dambe take da sanda. Kuma ƙyamar abincinmu take, ko loma ba ta kaiwa baki."

Saƙon Ɗayyabu na ranar ba wasa a cikinsa. "Hajiya ta ce ba za ta tura kowa gidanku ba. Na roƙe ta, ta ce ki zo gobe bayan la'asar. Ramla, ki faɗa mini gaskiya, raina mu kike?"

Ta rubuta amsa ta goge ya fi sau goma. Ta saba tsayawa gaban mutum dubu takwas suna ihu, amma wannan amsar ta gagare ta.

Washegari ta durƙusa nesa da tabarmar Hajiya. Jamila na bakin ƙofa, Ɗayyabu na tsakar gida inda zai iya jiyowa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya, ta ruwa, ta mutanen Gobarau, ta na Turai. Sai Hajiya ta kwance bakin zanenta ta fito da farin goro, ta ɓare, ta miƙo mata rabi da hannunta.

"Amshi, ɗiyata. Ci mu gani."

Ramla ta karɓa da hannu biyu. Goron da babba ya ba ka da hannunsa ba a mayar da shi, kuma ta san in ta gatsa, haƙoran a cinyarta za su faɗo. Ta ji Jamila ta yi ƙaramin tsaki.

"Ko shi ma bai kai ba?" in ji Hajiya.

Ramla ta janye mayafin daga bakinta. Ta sa yatsu biyu, ta zare haƙoran, ta riƙe su a tafin hannu. Hawaye suka zubo.

"Wallahi Hajiya ba raini ba ne," ta ce, maganar na fita da iska. "Tsoro nake ji. Wasan ne ya cire mini su. Na ga kamar in ya gani zai gudu."

Jamila ta ƙyalƙyale. "La ilaha! Giɓi!"

"Fice mini daga ɗaki," Hajiya ta ce ba ta ko dube ta ba.

Ramla na jiran a ce ita ma ta bi bayanta. Sai Hajiya ta matso, ta ɗaga nata leɓen, ta ƙwanƙwasa haƙorinta na zinariya da farce.

"Kin ga wannan? Kowa cewa yake tsarabar Makka ce. Saniyar babana ta shure ni ina tatsa, ina 'yar sha huɗu a ruga. Shekara ashirin ban yi dariya a gaban mutane ba. Baban Ɗayyabu sai da muka yi wata uku da aure ya gani." Ta numfasa. "Ni abin da ya hana ni barci, yadda na ga kin kwanta a bidiyon nan. Komawa za ki yi?"

Nan ne tsoron ya dawo sabo. Da ta ce a'a, shi ke nan an gama.

"Zan koma, Hajiya. Saura kaka ɗaya a alkawarin da na yi musu. Ba zan fara zama da ku da ƙarya ba."

Hajiya ta dubi haƙoran da ke tafin Ramla.

"Mi kike yi sa'ad da abin ya same ki?"

"Ragar fuska na ɗaga zan sha ruwa."

"To in kin koma, ko ƙishi zai kashe ki kar ki ƙara ɗaga ta." Ta ɗaga murya. "Kai Ɗayyabu, na san kana laɓe! Kawo turmi a daka wa matarka goro."

Ya shigo har yana tuntuɓe. Ramla ta kai hannu za ta rufe baki, ya girgiza kai.

"Bar shi, Gimbiya. Wata biyu ina neman ganin dariyarki, ashe mayafi nike ta zance da shi."

Ranar Asabar ta ƙarshen Agusta aka ɗaura aure a Gobarau, saura mako uku ta koma atisaye. Hajiya Sabuwa da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita, tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya tsare gaba da baya, ya dawo mana da ke da sauran haƙoranki cif. Mata suka ɗauki guɗa, amarya na dariya baki buɗe.

Ni kuwa ina can bayan taro da ɗan littafina a cikin hijabi. Da na ga hankalin kowa ya koma kan amarya, sai na lalubi takalmana a bakin ƙofa na sulale.