Wuyan Dijatu

"Ni ban taɓa cewa kin yi muni ba, Dijena," in ji mijinta Jalo, ya ajiye fatar da yake ɗinki.

"Na sani, Malam. Amma shekara biyu ke nan ƙafafunka kawai nake gani..."

Tun ranar da kaskon man ƙuli-ƙuli ya kife mata a gidansu na Azare, ƙunar ta warke amma fatar ta tattare, ta janyo haɓarta ta haɗe da ƙirji. Ba ta iya ɗaga kai, ba ta iya waiwaye. Ko ruwa sai ta kishingiɗa take sha. Malamin asibiti ne ya gaya wa Jalo akwai wani likita a Kano da ke raba irin wannan fata, tun daga nan Dijatu ta kasa cire zancen daga ranta.

Sai dai akwai Bappa, ƙanen mahaifinta, wanda ya riƙe ta a garin Katagum tun tana marainiya. Suka tafi neman izininsa. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce ya ji labarin waɗanda aka shaƙa wa maganin barci ba su sake farkawa ba. Ya ce ya binne uwarta da ubanta da hannunsa, ba zai miƙa ta ga wuƙa tana tafiya da ƙafarta ba.

"In kin tafi, ba da yawuna ba," ya ce, ya tashi ya shige ɗaki.

Dijatu ba ta taɓa saɓa masa ba. Wata guda tana kuka tana jujjuya maganar. Jalo bai tura ta ba, bai hana ta ba, ya dai ce duk inda ta sa ƙafa nan zai sa tasa. Ƙarshen kaka ta shekarar 1953 suka hau babbar mota zuwa Kano.

Likitan bai ɓoye mata komai ba. Ta bakin tafinta ya gaya mata za a yanko fata daga cinyarta a dasa a wuyan, ciwo ɗaya zai zama biyu. Fatar na iya kamawa, tana iya ƙi. Launin ba zai zo ɗaya ba, tabon fuskarta kuma yana nan har abada. Za ta yi watanni wuyanta a ɗaure. Ya ce ta je ta yi tunani kwana uku. Jalo ya tashi ya fita waje. Ita kuwa a ranar ta dangwala yatsa a takardar amincewa.

Aka yi aikin, ta farka. Rabin fatar ya kama, rabi ya lalace, aka sake aikin. Wata huɗu suka yi, Jalo na ɗinkin takalma a gindin bishiyar ƙofar asibiti, yana shigowa ya ba ta kunu da ludayi. Da aka kwance ɗaurin, wuyan ya miƙe, ko da yake ba ya juyawa hagu, ga fatar rodi-rodi. Ta ce ba za ta kwana biyu a Azare ba sai ta je Bappa ya gan ta, ta roƙi gafara.

Da suka isa Katagum, matarsa, Ya Gana, suka tarar a tsakar gida cikin kayan takaba. Zazzaɓi ne ya yi ajalin Bappa, kwana ashirin ke nan.

Dijatu ta durƙusa. "Inna... ya ce ya yafe mini?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon wuyan nata. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, bai sake ambaton sunanta ba. Amma duk ranar da fatake suka dawo daga kasuwar Azare sai ya fita bakin hanya ya tsaya, ba ya tambayar kowa komai, har sai na ƙarshensu ya wuce.

Kukan da ya ƙwace wa Dijatu ya riƙa jan sabuwar fatar kamar za ta yage. Jalo ya tsuguna a gefenta. Bai ce ta yi haƙuri ba. Ya sa tafin hannunsa ya tallafe mata ƙeya, ya riƙe wuyan, ya bar ta ta yi kukanta.