Shingen da Ya Yi Tafiya

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, ƙanwar tsohon Sajan ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya tana kallon sabon shingen waya da aka kafa mata tana kwance. Shingen ya yi kyau. Amma itacen lemon da mijinta ya dasa kafin ya rasu yana waje, a filin maƙwabci. An kuma datse masa rassa ta gefe ɗaya.

Ta sa aka kira yayanta.

"Yaya, itace yana tafiya?"

"Ba ya tafiya."

"To shingena ya yi tafiya."

Sajan ya daɗe da ajiye kaki, amma fushinsa yana nan yadda yake. Ya cika bokiti, ya zagaya bayan shingen yana kwara ruwa a ƙasa. Ruwan ya yi ta shanyewa, sai a wasu wurare ya tsaya. Ya tona ɗaya da sandarsa. Siminti ne da guntun ƙarfe, an rufe da yashi. Gindin tsohon shinge ke nan. Gindayen sun jeru a layi, lemon yana ta ɓangaren gidanta. An ci mata fili mai faɗin gado, daga bakin titi har bayan gida.

Ya fara da ɗanta.

"Kawu, iska ce ta kayar da tsohon. Masu sayen tsohon ƙarfe suka yanke shi daga gindi. Ni na buga turke a kan gindin farko da na ƙarshe, ɗan kwangila ya ja igiya a gabana. Daga nan na koma wurin Mama."

"A ina ka samo ɗan kwangilar?"

"An ce ya iya aiki."

"Wa ya ce?"

"Shi."

Sajan ya yi masa kallon da ya sa ya sunkuyar da kai. Uwar ta shaida cewa bai bar gefen gadonta ba. Filin kuma nasa ne wata rana. Wauta ce laifinsa, ba sata ba.

Ɗan kwangila yana rumfarsa yana yankan ƙarfe. Bai kashe injin ba sai da Sajan ya zare wayar daga bango.

"Ranka ya daɗe, ni igiya na bi."

"Kai ka haƙa ramukan?"

"Leburori na tura washegari. Ina da wani aikin."

"Da ka je, ba ka ga lemo a waje ba?"

"Na tarar an zuba siminti. Na ɗauka magana ce tsakanin maƙwabta."

"Ka ɗauka. An ba ka amanar gidan mara lafiya, ka aika, sannan ka ɗauka. Kawo igiyar."

Tana cikin baro, a naɗe da turakunta. A turke ɗaya naɗi ne kawai. A ɗayan kuwa an yi zarge a jikin igiyar, an zagaya turken, an zura bakinta cikin zargen an ja.

"Wannan ƙullinka ne?"

"Ni naɗewa nake yi in tafi. Leburori ma sun tsokane ni, wai yaushe na koyi jan igiya ta miƙe haka."

Sajan ya yanke igiyar, ya tafi da turken da ƙullinsa a aljihun rigarsa.

Maƙwabcin tela ne, tsoho, hannunsa yana rawa har sai an zura masa zare a allura. Bai iya haɗa ido da Sajan ba.

"Ni da marigayi ba mu taɓa faɗa ba."

"Ka wayi gari filinka ya ƙaru, ka yi shiru."

"Ban taɓa komai ba, wallahi."

Sajan ya yarda da wannan. Hannun nan ba zai cire turke daga busasshiyar ƙasa ya sake buga shi ba. Ta tagar shagon ya hango babbar mota a lungun da ke tsakanin gidajen. Ta mijin 'yar tela ce, direba, wanda ke zaune a ɗakin baya.

Da yamma Sajan ya tara su duka a bakin shinge. Ya ce za a sake awo. Ya buga turaku a kan tsofaffin gindaye, ya ɗaura sabuwar igiya da kansa, ya bar ta tana jan ƙasa. Ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ta ƙara lanƙwasa.

Direban ya yi dariya.

"Baba, duk shekarun nan ana ɗaure mutane, ba a iya ɗaure igiya ba?"

"Tsufa ne. Zo ka gyara min."

Direban ya karɓa. Ya yi zarge, ya zagaya turke, ya zura, ya ja da ƙarfi. Igiya ta miƙe har tana kuka. Sajan ya ciro tsohon turken ya jefa kusa da ƙafarsa. Ƙulli biyu, iri ɗaya.

"Wannan ƙullin ɗaurin kaya ne a bayan mota," in ji Sajan. "Ɗan kwangila naɗewa yake yi. Surukinka hannunsa ba ya riƙe allura. Gidan nan ba kowa a lokacin. Ka matsar da turaku, igiya ta saki, hannunka ya yi abin da ya saba. Ka zuba yashi a kan gindaye. Rassan lemon ma daidai tsayin motarka aka datse su."

Direban ya dubi surukinsa. Tela ya juya baya.

"Motar ba ta shiga lungun nan sai ta gogi bango," in ji direban. "A titi kuma batir ake sace min."

"Shi ne ka saci filin matar da ke gadon asibiti."

"Ɗan taƙi ne fa, Baba."

"Kada ka ƙara ce min Baba."

Sajan ya miƙa masa diga. Ya ce ko ya tumɓuke ƙarafan nan da hannunsa, ko su tafi caji ofis da turken. Ya juya ga ɗan kwangila.

"Kai kuma za ka mayar da shingen a kan tsohon layi. Da hannunka, ba leburori ba."

Direban ya fara fitar da motarsa titi, sannan ya dawo ya ɗaga diga. Ƙanwar Sajan ta jawo kujera ta zauna a abin da ya rage na inuwar lemon. Ɗanta ya ce ta shiga ciki, jikinta bai yi ƙwari ba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ba ta tashi ba sai da aka tumɓuke ƙarfen ƙarshe.