Farar Igiyar Akhamuk

Sufeto Bujima bai gama shan shayinsa na hantsi ba aka bugo masa waya cewa wani ya faɗo daga Dutsen Adriyan. Juma'a ce, ranar hutunsa. Ya ajiye kofin, ya shiga neman takalmansa.

Kafin ya isa, motar asibitin Tamanrasat ta riga ta tafi da gawar. Mamacin Akhamuk ne, jagoran masu hawan dutse, wanda kusan duk mai hawa a garin a hannunsa ya koya. Mutum biyu ya tarar a gindin dutsen: Intalla, dattijo, daɗaɗɗen abokin aikin mamacin, da Rahim mai shagon magani, wanda ke koyon hawa.

"Wa ya ɗaura igiyar sama?" in ji Sufeto.

"Ni ne, Yallaɓai," in ji Intalla, hannayensa naɗe cikin riga. "Na zaga ta baya na hau, na ɗaure ta a manyan duwatsu biyu, na zuro ta ta bakin dutsen, na maƙala mata zoben ƙarfe. Ta cikin zoben igiyar hawa take bi, kai ɗaya a ƙugun mai hawa, ɗayan a hannun mai riƙewa a ƙasa. In ta saman ta tsinke, shi ke nan."

"Ita ta tsinke?"

Intalla ya nuna wata farar igiya da haɓarsa. Tana yashe a ƙasa, bakinta ya yi buzu-buzu.

"Kaifin dutse ya cinye ta. Shi ya zaɓo ta, Allah ya jiƙansa. Na ce masa ban yarda da ita ba, bai ji ba."

Sufeto ya juya ga Rahim.

"Ni nake riƙe da shi," in ji Rahim, yana kallon ƙasa. "Ban ga komai ba. Kuma ban motsa daga nan ba har motar asibiti ta zo."

Sufeto ya bi hanyar baya ya hau, yana tsayawa yana dafa gwiwa. A sama ya tarar da ragowar farar igiyar a ɗaure. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa bakin dutsen. Inda igiyar ta goga akwai gashin zare manne da dutse, amma shuɗi ne.

Ya kama jelar farar igiyar da ta rage bayan ƙulli, ya shiga goga ta a kan kaifin dutsen da iya ƙarfinsa. Har tafin hannunsa ya fara raɗaɗi, bai wuce ƙujewar bayanta ba. Ya zauna yana haki.

Washegari ya je wa matar mamacin gaisuwa. Tabarat tana bayan labule, muryarta ta dushe.

"Ki yi haƙuri, Malama. An ce mijinki ya zaɓi igiyar banza."

"Wa ya ce?" in ji ta. "Ni nake wanke masa igiyoyinsa tun muna sabon aure. Iri biyu ce. Ta hawa tana miƙewa, don in mutum ya zame kada ta fizge masa baya. Ta ɗaurin sama ba ta miƙewa ko kaɗan. Kullum yana cewa mai miƙewa in ka ɗora ta a bakin dutse, zarto ka kafa: a hau ta ja, a sauka ta koma, har ta yanke. Farar nan sai da ya zagaye shaguna a Aljiyas, babban birnin ƙasa, kafin ya same ta, mai kauri, mai taurin baya."

"Yana da shuɗiya?"

"Tsohuwar igiyar hawa ce. Bara ya ba Intalla ya riƙa ɗaure kaya a mota."

Daga nan ya wuce shagon Rahim, ya jira wata tsohuwa ta karɓi maganin tari ta fita.

"Wa ya kira motar asibiti?"

"Ni."

"A gindin dutsen nan waya ba ta kamawa. Na gwada. Malam Rahim, na gaji, kai ma ka gaji. Faɗa mini."

Rahim ya zauna a kan kwali.

"Sai da na tuƙa har bakin titi. Da na kira, na kasa komawa. Jini ne, Yallaɓai. Ina sayar da bandeji, amma ban iya ganin jini. A mota na zauna har suka zo na yi musu jagora."

"Kafin ya faɗo, me ka ji a hannunka?"

"Ya hau ya sauka sau da yawa yana nuna mini yadda ake zama a kan igiya. Duk zaman da ya yi sai na ga zoben yana lilo, sama da ƙasa. A na ƙarshe ya ɗaga kai ya kalle shi, ya buɗe baki zai yi magana."

A hanya likitan da ya duba gawar ya bugo wa Sufeto. Ya ce mamacin bai cika nan take ba, ya jima yana numfashi.

Da la'asar Sufeto ya isa gidan Intalla da ɗan sanda ɗaya. Ya tarar da shi zaune a inuwa, gawayi ya mutu a gabansa, butar shayi ta huce.

"Baba Intalla, jiya ba mu gaisa ba. Ba ni hannu."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannun da aka miƙa masa. Sannan ya zaro nasa daga cikin riga. Tafukan duk sun yi bororo, wasu sun fashe.

"Ni ma na gwada ta," in ji Sufeto, ya zauna kusa da shi. "Ba ta yankuwa da sauƙi. Ina shuɗiyar?"

"Cikin wani tsagin dutse, can sama." Intalla ya ja amawalinsa ƙasa, abin da ba ya yi gaban baƙo. "Kafaɗata ta mutu tun sanyin bara. Ban faɗa wa Akhamuk ba. Da ya sani, da ya zaunar da ni a ƙasa ina dafa shayi. Farar nan nauyi gare ta, ga tauri, ƙulla ta sai mai ƙarfi. Na ɗaga ta na ajiye, na cusa shuɗiyar a jaka. Na ce ai ta yini ɗaya ce."

"Da Rahim ya tafi fa?"

"Na ɗauko farar daga mota na hau da ita. Ashe zan iya ɗaukarta." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na ɗaura, na goga har ta yanke, na jefo rabin."

"Ka ɗora wa mamaci laifin."

"Na ɗora."

"Lokacin da ka bar shi, yana numfashi?"

Intalla ya rufe ido.

"Ya ce in zauna kusa da shi. Na ce masa ina zuwa."

Ɗan sandan ya ciro ankwa. Sufeto ya dubi hannayen dattijon, ya girgiza kai, aka mayar da ita aljihu.

"Tashi mu je, Baba."

Intalla ya gyara rawaninsa da bayan hannu. Ya yunƙura sau biyu bai tashi ba, sai da Sufeto ya kama shi ta kafaɗar da ke da lafiya, suka taka a hankali zuwa mota.