Bencin Baya

"Lahadin nan ce ta ƙarshe, Caroline. In dattawa ba su ɗage mini horon nan ba, Litinin zan bi mota zuwa Legas."

Caroline ta sauke tulunta a bakin hanyar Jigwada. Lokacin ne kuɗin man fetur ke kwashe samari zuwa kudu, wanda ya tafi kuwa sai labarinsa.

"Haba Malachi... magana ɗaya ce fa. Ka tashi a gaban jama'a ka faɗa, a wuce wurin."

"In ce uwata bautar Shaiɗan take yi? Tana zaune a Gitata da takabarta, labari ya iske ta?" Ya girgiza kai. "Rabin raina, na tuba a gaban Allah, Ya ga hawayena. Amma wannan kam ba zan iya ba."

Laifinsa ba ɓoyayye ba ne. Da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa, wadda ba ta bin coci, ta roƙe shi ya zuba ƙoƙon giya a kan kabari, yadda babban ɗa ke yi a gidansu. Ya zuba. Kafin ya dawo Keffi magana ta riga shi isowa, don bakin mutane ba ya jiran mota. Dattawan ikkilisiya suka sa shi horo: zama a bencin baya shi kaɗai, ba cin jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke ci tare a coci, ba zancen aure. Shugabansu kuwa Baba Wilson ne, mahaifin Caroline, mutumin da ko kazarsa ta san lokacin addu'a.

Ta durƙusa masa da yamma.

"Baba, ka ji tausayina. Zai tafi..."

"Ya tafi. Icen da bai tanƙwaru ba, wuta ce rabonsa. Tashi ki yi shirin gobe."

Asabar ce, jajiberin jibi, ranar da kowa a gidan ke azumi yana binciken zuciyarsa. Caroline ta shiga ɗaki ta yi ta addu'a har muryarta ta dushe. Duk inda ta juya a cikin ranta, abu ɗaya take tararwa, kuma ya ba ta tsoro ƙwarai.

Ran Lahadi majami'a ta cika, maza gefe, mata gefe. Malachi na can baya, kansa a sunkuye. Baba Wilson da kansa ya zagayo da farantin gurasar jibi, ya tsaya a gaban Caroline. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji.

"Karɓi mana," ya ce a hankali.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Kin yi wani abin kunya ne?"

"Ina fushi da kai." Hawaye suka zubo mata. "Na yi azumi, na roƙi Allah Ya cire mini, ya ƙi fita. In na ci a haka, na ci hukunci."

Ta miƙe, ta ratsa tsakiyar jama'a, matan zumuntar coci na bin ta da ido, ta je ta zauna a ƙarshen bencin Malachi. Waƙa ta mutu a bakin mawaƙa.

Baba Wilson na tsaye da farantin a hannunsa. Caroline ta rufe ido, ta san yau ta rasa uba, gobe ta rasa masoyi.

Sai ta ji takun takalminsa yana matsowa. Ya miƙa wa wani dattijo farantin, ya taho da hannu wofi, fuskarsa jiƙe.

"Matsa mini, Malachi, ɗana," ya ce. "Tun ranar da ka ƙi bin maganata nake riƙe da kai a zuciya. Ni ma ban shirya cin jibin ba."

Tsohon ya zauna a tsakaninsu, ya kama hannun kowannensu ya riƙe gam.