Azumin Faruku Mai Keke

Hamida ta tare keke napep ɗin ne a bakin ƙofar Poli, rana ta take, ga jaka ga littattafai. Mai keken ko kallonta bai yi ba. Hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya na riƙe da waya, sifika kuwa sai dukan kunne take kamar gidan biki.

"Tashar Shinkahi za ka kai ni," ta ce.

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan waya. Ba su yi nisa ba sai ga kura shaƙe da buhunan gero ta ɓullo daga kwanar kasuwar hatsi. Allah ne kawai ya tsare. Keken ya yi tsalle, ya tsaya a bakin kwata.

Hamida na gama salati ta fizge wayar, ta jefa a jaka, ta zuge zif.

"Ke! Lahiya?"

"Ita nika biɗa. Malam, raina bai kai rawar da kaka kallo ba? In mun isa ka amshi abinka."

Sai a lokacin Faruku ya dubi madubi. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, ta haɗe gira kamar za ta shiga dambe. Ya buɗe baki zai yi masifa, masifar ta gudu ta bar shi. Kafin su kai tasha kuwa hannunsa ya je aljihu ya fi a ƙirga, yana laluben wayar da ya san ba ta nan.

"Kai hwa ba ka da lahiya," ta ce da ta sauka. "Mai lahiya ba shi laluben aljihu wohi."

"To likita, ba ni lambarki, in ciwon ya tashi in kira."

Ta galla masa harara, amma ta ba shi. Wai don ta ji labari in ya take wani a hanya.

Haka abin ya faro. Faruku ɗan Dauran ne, tuƙin keke ya kawo shi Kaura Namoda. Hamida 'yar Alhaji Maiwada ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Shinkafi. Kafin damina ta faɗi ta zama Likitata, shi kuma ya zama Direbana, duk wanda ya gan su ya san an kamu.

Sai dai Hamida gaskiya ta faɗa tun ranar farko, akwai ciwo. Shagon Shamsu, mai cajin waya da tura bidiyo a bayan tasha, nan ne makarantar Faruku. An fara da barkwanci, aka koma rawa, daga rawa aka gangara zuwa irin abin da mutum ba ya kallo a gaban uwarsa. A bayan shagon kuma ga tukunyar shisha. Sallar asuba sai rana ta fito, kuma ko a sahu hotunan ne ke yi masa gizo. Shi Shamsun nan ɗan ƙanwar Alhaji Maiwada ne, ya daɗe yana lissafin Hamida tasa ce.

Wata Juma'a Faruku ya je zance Shinkafi. Hamida na ba shi labarin ciwon ƙafar Innarta, muryarta har rawa take, sai ta lura kansa na sunkuye, haske na fitowa ta ƙarƙashin hannun rigarsa. Ta naɗe tabarmarta ta shige gida, ta bar shi zaune a ƙasa.

Yana hanya saƙonta ya shigo.

"Direbana, yau da ƙeyarka na yi zance. Ina sonka, kai ma ka sani. Amma ba zan auri rabin mutum ba. In ka samo sauran, ka kawo min."

Faruku ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya kira ta ya zazzage mata komai, har abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Ka gama?" ta ce. "To na ji, kuma ba mai jin shi a bakina. Yanzu mi za ka yi?"

"Azumi zan yi, Likitata. Ba na abinci ba."

Da ma ya sha gwada ragewa, ya gane abin ba ya raguwa. Kiɗa ke kiran bidiyo, bidiyo ya kira shisha, shisha ta kira zaman banza. Don haka ya yi musu kuɗin goro. Ya kai babbar wayar Dauran ya damƙa wa mahaifiyarsa, ya ce ko kuka ya zo yana yi kada ta ba shi. Ya sayi 'yar ƙaramar waya, raka-ni-kashi mai tocila. Ya kwance sifikar keke, ya daina bin ta bayan tasha, har shayi ya koma sha ba sukari, wai harshe ma ya san an shiga sabon mulki.

Kada wani ya ce maka da sauƙi. Makon farko ji yake kamar tururuwa na yawo a tafin hannunsa. Barci ya ƙi, abinci ya koma kamar dusa, fasinja ya yi tari sai ya ji kamar ya sauke shi. Duk lokacin da abin ya taso masa, sai ya ajiye keke, ya bi layin dogo da ƙafa har bayan gari, ya yi ta tafiya har gajiya ta fi ƙarfin sha'awa, sannan ya juyo.

Abokai suka sa shi gaba. "Ustazu! An ce har sukari ya zama haram?"

"Halas ne," ya ce. "Ni dai na gaji da zama bawan abin da ni na saye da kuɗina."

Shamsu da kansa ya tare shi. "Haba Hwaruku, akwai sababbi hwa, masu zahi. Kyauta zan tura maka."

"Riƙe kayanka. In kyauta kaka so, ga keke, hau in kai ka masallaci."

Har hirar waya da Hamida ya rage, don ya lura in sun daɗe suna hira sai hannunsa ya fara neman abin kallo. Wannan kam ya yi mata ciwo.

"To ni ma shisha ce ke nan? Ni ma an sa ni cikin kayan da aka haramta?"

Amsar ta ɗan jima, don rubutu a raka-ni-kashi aiki ne.

"Likitata, ke ce dalilin azumin. So nake ranar da zan zauna gabanki ya zama duka na zo, ido da kunne da zuciya. Ki yi min haƙuri kaɗan."

Ta karanta ta sake karantawa, ta rubuta: "Na yi. Amma kaɗan ɗin nan kada ya yi tsawo."

Sannu a hankali tururuwar ta ragu. Faruku ya fara jin ɗanɗanon tuwo, ya fara riga ladan tashi. Ya tura kawunsa Shinkafi neman izini, Alhaji Maiwada ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda kowane uba yake yi. Wa zai tambaya a Kaura in ba ɗan ƙanwarsa ba?

Shamsu ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. "Kawu, ni ban ce komi ba. Amma yaron ga ya canza waya, ya bar abokanai, kullum shina bayan gari shi kaɗai shina danne-danne. Ka dai san zamanin da muka ciki."

Ai ba sai an ƙarasa ba. A ƙasar da mutanen daji suka hana kowa barci, saurayin da ya koma ƙaramar waya yana kewaya bayan gari suna ɗaya gare shi, infoma, mai kai musu rahoto. Kafin kasuwa ta sake ci maganar ta zaga. Fasinjoji suka fara kauce wa kekensa.

Alhaji Maiwada ya kira Hamida tsakar gida, Inna Yalwa na gefe ta rafka tagumi.

"Maganar mai keken ga ta mutu. Ba ni ba ɗiyata wanda aka zargi da cin amanar mutane. Ga Shamsu nan, ɗan gida."

Hamida ta durƙusa, amma muryarta a tsaye take. "Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba, yau ma ba ni hita in bi wani. Amma wallahi ƙarya anka yi mishi. In ba shi ba, sai dai in tsuhwa ɗakin Inna."

"To mi shika yi bayan gari?"

"Na sani, amma amana ta. Ba ni hwaɗi."

"Kin ji ko, Yalwa? Har ta koyi ɓoye mishi!"

Ta shiga ɗaki ta sha kukanta, sannan ta share ido ta rubuta:

"Direbana, sun ce kai infoma ne. Baba ya ce Shamsu. Ban faɗi sirrinka ba, kuma ba zan faɗa ba. Ni dai ina nan inda ka bar ni."

Faruku ya karanta a bakin titi. Ranar abin ya taso masa fiye da kullum, har ya kama hanyar Dauran zai karɓo wayarsa, ya ce tunda an ɓata shi gara ya ɓaci gaba ɗaya. A rabin hanya ya tsaya, ya daɗe zaune cikin keke. Sai ya juya kan keken ya nufi Shinkafi.

Ranar kasuwa ce, rumfar Alhaji Maiwada cike da dillalai, Shamsu ma na nan yana ta rawar kai. Faruku ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba, an ce ni infoma ne. Na zaka in hwaɗi abin da ni ke, gaban kowa, tunda gaban kowa anka ɓata ni."

"Muna jinka."

"Ni mashayin shisha ne, kuma mai kallon banza a waya, irin wanda ba a hwaɗi gaban manya. Ya ci min salla, ya kusa sa in kashe mutane bisa titi. Shi na bari. In ya taso min, tahiya nika yi har shi kwanta. Wanda ka tura min kayan kuwa ga shi nan zaune. Shamsu, in ƙarya nika yi, ka ce ƙarya ta."

Shamsu ya hau gyaran hular da ba ta karkace ba, can ya tuna yana da saƙo a tasha.

Alhaji Maiwada ya daɗe yana juya goron da ke hannunsa. Likita ya hana shi goron nan tun bara, kuma ga shi nan dai.

"Yaro, ba ka ji kunya ba?"

"Na ji, Baba. Amma kunyar ga ta hi min sauƙi da rasa Hamida."

"Baki na iya hwaɗin komi. Gobe ina zakkuwa Kaura, ka kai ni inda kaka zuwa."

Washegari da hantsi mutanen Kaura suka ga abin mamaki, Alhaji da babbar riga yana bin mai keke a kan layin dogo. Ba komai a wurin sai tsakuwa da ciyawa da gonakin dawa. Wani tsoho mai noma ya ɗago ya ce, "A'a, Mai Tahiya, yau da baƙo? Jiya ban gan ka ba, ga kunyar noman da ka rage min nan tana jiranka." Ashe in tafiya ba ta isa ba, fartanyar tsohon yake karɓa.

Alhaji ya samu gindin bishiyar bedi ya zauna yana haki.

"Kullum haka?"

"Duk ranar da ta ƙi, Baba."

"Kuma ka warke?"

"Ban ce ba. Amma yanzu ni ka ba shi umarni, ba shi ka ba ni ba."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Da ka ce ka warke, da na hana ka. Turo magabatanka. Kuma je ka ɗauko keken ga, ni ƙahwata ta gama aiki."

Bayan an girbe gero aka ɗaura aure a Shinkafi. Waɗanda suka kauce wa kekensa su ne a sahun gaba wajen cin shinkafa, mutum ke nan. Abokan ango suka zo da shawarar a kafa tukwanen shisha a yi ta hayaƙi, Faruku ya ce duk mai son hayaƙi ya je madafa ya taya mata hura wuta.

Da aka kawo amarya Kaura, 'yan rakiya suka watse, ya zauna a gabanta ya ɗaga mayafin. Idonta ya kumbura da kukan rabuwa da Inna, amma wushiryar na nan.

"Likitata, ina tsoron ranar da zai dawo."

"In ya dawo ka tashe ni," ta ce. "Ni ma ina da ƙahwa, tare za mu taka."

Ya riƙe hannunta, ya daɗe yana kallonta, ba abin da ya ja idonsa wani wuri.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma ƙarfafi duk wanda ke kokawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Amin.