Gawar Tela a Layin Rusau

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto. An zaro gawar wani tsohon tela daga ɓaraguzan gidansa, a layin da gwamnati ta ƙwace za ta fitar da titi.

Ya tarar da katafila a kashe, mutanen layin sun yi cirko-cirko kusa da katifu da tukwanensu. Duk wanda ya kalla sai ya sunkuyar da kai.

Ƙofar gidan na kwance a ƙasa, an garƙame ta da kwaɗo ta waje. Ta ciki kuwa duk shatin duka ne, ga almakashi ya lanƙwashe. Sufeto ya tsuguna ya duba. Ashe telan na ciki da ransa, yana ta bugu.

Jami'in filaye, wanda ke jagorantar rusau ɗin, bai ko cire tabarau ba.

"Kwaɗo na gani, na ɗauka ba kowa. Umarnin nan daga sama yake, Sufeto. Ka yi wa kanka faɗa."

"Wa ya kulle?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji 'yar telan. "Baba ya rantse zai kwanta gaban katafila. Na kulle shi na tafi kotu karɓo takardar dakatarwa. Jibi aka ce za a zo layinmu, wallahi jibi!"

"Wa ya san kin tafi kotu?"

Ta saci kallon jami'in. "Shi. A bakin layi muka haɗu."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Shugabansa ne. "Hatsari ne. Rufe fayil ɗin yau, in kana son kakinka."

Sufeto ya sauke wayar daga kunne. 'Ya'yansa uku suka faɗo masa a rai, da abokin aikinsa da aka kora bara kan abin da bai kai wannan ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya ja direban katafila bayan mota.

"Ban ji komai ba, yallaɓai. Ƙarar inji ta yi yawa."

"Da ka fara aikin safe ka kashe injin?"

"Ko sau ɗaya."

"To me ya kai sawun takalminka har bakin ƙofar? Ga tawa ƙafar, ga taka, mu je mu gwada."

Direba ya durƙushe. "Na sauka. Na ji bugu, na ji yana kiran 'yarsa. Na gaya wa jami'i, ya ce ko in hau ko a ɗaure ni da laifin hana aikin gwamnati."

Da Sufeto ya maimaita maganar a gaban jama'a, wata tsohuwa ta ce a hankali, "Mu ma mun ji." Sai wani ya faɗa, sai wani.

Jami'in ya cire tabarau. "Katangar gaba kawai na ce a taɓa, kafin takardar ta iso. Na zaci zai tsorata ya haura ta baya. Ban san tsoho ne haka ba."

Sufeto ya buga masa ankwa, aka sa direban ma a mota.

Wayar ta sake ƙara. Ya duba, shugabansa ne. Ya bar ta tana ruri, ya juya ga kofur ɗin da ke tuƙa motar.

"Kofur, ja mu tafi. Sannu a hankali, ta tsakiyar mutane, kowa ya gani."