Fasinjojin Gindin Magarya

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Mu'azu ya sauke tukunyar daga wuta. Ba miya ce a ciki ba. Kafiretar babur ce ya tafasa da ruwa da lemon tsami, kamar yadda kanikawan Samaru suke yi in datti ya toshe ta. Ɗakin girkin duk ya ɗauki warin tsohon fetur, matarsa Haulat kuwa ta riga ta sanar da shi cewa tukunyar ta zama tasa har abada.

Mu'azu injiniyan lantarki ne a wani kamfani a Doha, da katinsa a wuya da motarsa mai sanyi. Amma kafin wannan duka ɗan acaɓa ne. Shekara shida ya yi yana jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya, da ita ya yi karatu. Irin wannan sana'a ba ta fita daga jikin mutum don kawai ya koyi ɗaura taye.

A lokacin kullen korona ya sayi babur ɗin, tsoho tukuf, wajen wani Ba'indiye da zai koma gida. Da zafi ƙarfe ba ya taɓuwa a Ƙatar, don haka sai da sanyi yake fito da shi tsakar gidansu a Umm Salal, can bayan garin Doha. Sanyi biyu ya yi yana kwance inji yana ɗaurawa. A na ukun aka fara gasar Kofin Duniya, ofis ya ce kowa ya yi aiki daga gida, sai mutumin naku ya samu yadda yake so. Ya cire ɗan guntun sit ɗin ya sa dogo. Ya yi wa bayan waldar kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, ya ƙara mataka. Madubai biyun kuma ya kwance ya jefa a kwali, domin a wajen ɗan acaɓa madubi kayan ado ne.

"Wa za ka ɗauka a Umm Salal, Baban Hafiza?" Haulat takan tambaye shi. "Raƙuma?"

Ya tsamo kafiretar da filaya, ya ɗauki tukunyar ya nufi ƙofar baya. Bayan katangarsu wata tsohuwar gona ce da aka yi watsi da ita, babu komai a cikinta sai magarya guda.

"Magariba fa ta yi," in ji Haulat daga wajen alwala. "Ka bari ruwan ya huce."

A yi masa adalci, Mu'azu ba gafalalle ba ne. Kakarsa ta koya masa ba a zubar da ruwan zafi da almuru a gindin tsamiya ko kuka. To shekararsa huɗu a ƙasar nan bai ga tsamiya ba. Magarya kuwa a garinsu da ganyenta malamai suke korar aljanu. Wane aljani ne zai tare a cikin maganinsa? Duk da haka bisimilla ta zo bakinsa. Daidai nan maƙwabta suka kwashe da ihu, an ci ƙwallo, ya juya kai ya ji ko wa ya ci, ya sheƙa ruwan.

Ƙasa ta yi cuuu. Tururi ya tashi.

Sai wata 'yar ƙara, siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Sau ɗaya tak. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan bishiyar suka yi tsit gaba ɗaya.

Da safe 'yarsu Hafiza, mai shekara uku, ta tashi da kuka. Bayan ƙafarta na hagu ya yi bororo. A asibiti likita ta ce ƙunar ruwan zafi ce, ta yi musu wani kallo da Mu'azu bai ji daɗinsa ba. Da magariba ta biyu ƙunar ta hau idon sawu. Da ta uku ta kai ƙwauri. Kullum ladan na ɗaga murya yarinyar take ƙwalla ƙara, kuma duk lokacin da aka kwance bandejin, warin lemon tsami da fetur ne yake tashi. Haulat ta shaƙi warin, ta ɗago ta dube shi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Rana ta huɗu ya je wajen Gariba, dattijon da ke gadin rukunin gidajen, mutumin Zangon Kumasi ta Ghana da ya shekara ashirin a Ƙatar. Ranar Ghana ke wasa, ya kafe wayarsa jikin buta yana jiran a fara.

"A ina ka zuba, Injiniya?"

"Gindin magarya."

Gariba ya kife wayar. "Magarya, sidra ɗin Larabawa? Kai, Injiniya! Nan ba gida ba ne. Duk ƙasan nan itace nawa ka gani? Ba tsamiya, ba kuka. Sidra ne gidansu. Balarabe ma ba ya sare shi haka kawai."

"To yanzu, Baba Gariba?"

"Je ka ba da haƙuri. In sun ce ka yi abu, ka yi. Khalas, shi ke nan."

Ya je. Ya tsaya a gindin bishiyar, ya yi sallama, ya ba da haƙuri da Hausa, ya sake da gurguwar Larabcinsa. Babu abin da ya amsa. Ganyen ya fara rawaya, ƙasar wurin ta yi baƙi. Yana tsaye kamar wawa Haulat ta leƙo ta ce bandeji ya ƙare, ga magariba na tahowa. Babban titi ya cushe da motocin 'yan kallo, amma hanyar gona tana ɓullewa bayan kantin magani. Da safen nan ya mayar da kafiretar, don ya rasa abin da zai yi da hannunsa. Ya turo babur ɗin ta ƙofar baya, ya taka kik.

Bugu ɗaya ya tashi. A shekara biyu bai taɓa yin haka ba.

Ya zo gota magaryar ke nan.

"Tsss. Mai mashin."

Ƙafarsa ta taka birki tun kafin kansa ya yi tunani. Bakinsa ma haka. "Ina za ki?"

"Kada ka waiwayo."

Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, a bushe. Hausarta irin ta fasinjojinsa na Zariya.

"Ka ƙona mini 'ya. Ruwanka ya shiga saiwa, gida ya lalace. Tashi za mu yi, kai za ka kai mu."

"Ina?"

"Arewa, inda ruwan sama yake kwanciya. Akwai magarya uku. Kafin jan sama ya ɓace. In injin ya mutu a hanya, gidanka za mu sauka, ɗakin yarinyar."

Babur ɗin ya nutsa. An hau.

Warin lemon tsami ya rufe shi, da fetur, da wani wari a ƙarƙashinsu wanda ya sani daga bandeji. Wani ɗan numfashi yana fita a tsakiyar bayansa, da shessheƙa, irin ta Hafiza sak.

Babur ɗin ya ƙara nutsawa. Na biyu. Na uku. Mu'azu ya matsa gaba ba tare da an ce masa ba, yadda ya saba in an cika masa lodi. Na huɗu. Na biyar. Ya koma kan tanki, gwiwoyinsa na gogar kan mashin. A na bakwai ya daina ƙirga. Dogon sit ɗin da ya yi alfahari da shi ya ɗauke su duka.

Bai taɓa gode wa Allah a kan rashin madubi ba sai ranar.

Ya sa giya. Babur ɗin ya yi nishi ya motsa. Rana ta taɓa ƙasa ta hagunsa, inuwa ta miƙe ta dama a jikin katangar wata gona. Idonsa ya kai can da kansa. Ya ga tayoyi, ya ga kansa a duƙe. A bayansa abu ne a jibge, ya kai tsayin dabino, hannaye na lilo ta ko'ina.

Ya mayar da ido kan hanya. Bai sake ba.

Gidaje suka ƙare. Ihun 'yan kallo ya koma can nesa, sannan ya ɓace. Sai ƙarar salansa da tsakuwa a ƙarƙashin taya. Iskar sanyi na dukan ƙirjinsa, bayansa kuwa kamar an jingina masa murhu.

Aka kira salla a wani masallaci da ba ya gani. Abin da ke bayansa ya ƙwalla ƙara. Ya san a wannan daƙiƙar Hafiza ma ta yi.

Jan sama ya fara duhu.

Taya ta faɗa rairayi. Injin ya yi tari. Ya murɗa totur, ya ƙara tari. Kwalba ɗaya ta fetur ya zuba da safe, don gwaji kawai. Ya saki hannun hagu ya lalubi makunnin mai a ƙarƙashin tanki, ya juya shi zuwa na ajiya.

Yana janye hannun ya taɓa wata ƙafa.

'Yar mitsitsiya. Zafi zau, duk bororo, ba bandeji, ba magani. Ta noƙe da ya taɓa ta.

Tsoro yake ji tun ɗazu. Yanzu kunya ce ta kama shi, da tausayi, har idonsa ya kawo ruwa.

Injin ya ja numfashi, ya ɗauka.

Ƙasa ta gangara. Ciyawa 'yar kaɗan, ƙamshin danshi. Magarya uku a tsaye, baƙi ƙirin. Jan da ya rage a sama bai fi zare ba.

Ya tsaya, ya sa firi, hannun dama na riƙe da totur don kada injin ya mutu. Babur ɗin ya fara tasowa. Ɗaya. Ɗaya. Ɗaya. Ba ƙarar sawu, sai ganye ke motsi.

Na ƙarshe ya sauka. Hannun hagun Mu'azu ya koma baya, tafi a buɗe.

Bai aike shi ba. Shekara shida ce ta aike shi. Ya gane abin da ya yi, ya yunƙura zai janye, aka riƙe wuyan hannun. Yatsun dogaye ne, sanyi ƙalau.

"Kuɗin mashin kake jira?"

Dariya ta zagaya bishiyoyin ukun, a hankali, bakuna da yawa.

"Mu ba mu riƙe kayan mutane. Ruwanka yana nan, ko ɗigo bai ɓata ba. Rabi a ƙafar 'yata, rabi a ƙafar 'yarka. In ka so ka ɗauke hannunka, ya zauna inda yake. In ka so ka karɓa."

Aka saki wuyan hannun.

Yana iya tafiya. Hannun injiniya ne, da shi yake ci.

Ya ƙara buɗe tafin. "Bisimillahi," in ji shi.

Aka zuba.

Cuuu.

Bai san yana da irin wannan ihu a cikinsa ba. Ya cije kafaɗar rigarsa, dama na riƙe da totur, bai saki ba. A bayansa shessheƙar nan ta lafa, ta tsaya.

"Yalla, tafi," in ji muryar. "Masu wurin nan ba su san ka ba."

Hannun ya ƙi kama kuloci. Ya tuna ranakun da wayar kuloci take tsinke masa a tsakiyar Sabon Gari. Ya tura babur ɗin da ƙafa, ya tura, ya ɗan gudana, ya danna giya da ƙarfi. Babur ɗin ya yi tsalle. Ya kama.

"Tsss."

Daga dama.

"Tsss. Mai mashin."

Daga hagu, muryar namiji. Wata daga gaba. Wata dab da kunnensa.

Ƙafarsa ta hau kan birki. Ya ɗauke ta da ƙyar, ya rataye ta a iska.

Wani abu ya kama kariyar. Babur ɗin ya ja baya. Walda ta yi ƙara, ƙarfe ya ɓalle, ya faɗi can.

Bai tsaya ba. Tun da ya fara hawa mashin, ranar ce ya fara wuce fasinja.

Man ya ƙare daidai ƙofar Gariba. Dattijon yana tsalle da waya a hannu, Ghana ta ci, ya hango hannun Injiniya sai ihun ya maƙale masa. Mu'azu ya yar da babur ɗin ya ruga ciki. Ya tarar da Haulat zaune a ƙasa da tsohon bandeji a cinyarta, tana jujjuya ƙafar Hafiza. Fata sumul, ko tabo babu. Yarinyar tana neman a ba ta biskit.

Kafin a buga wasan ƙarshe magaryar bayan gidan ta bushe ƙayau. Hannun Mu'azu ya warke a ƙanƙance, yatsu biyu ba sa naɗewa, kuloci ya fi ƙarfinsa. Duk da haka ya sa Gariba ya riƙe masa sifana, ya cire dogon sit ɗin ya mayar da guntun, mai ɗaukar mutum ɗaya. Ko ruwan sanyi zai zubar yanzu sai ya yi bisimilla a bayyane, Haulat kuwa ba ta taɓa tsokanarsa a kan haka ba.

Wani lokaci Hafiza takan hau cinyarsa, ta buɗe tafin hannun, ta bi tabon da yatsa, ta tambaye shi me ya ƙona shi. Yakan dubi ƙafarta ta hagu tana lilo, ya ce kuɗin mashin ne aka ba shi, kuma duk shekarunsa na acaɓa ba a taɓa biyansa da kyau kamar ranar ba.